Yadda Za a Horar da Masu Bincike Su Riƙe Bayanan Jama'a na Dogon Zango, Su Kuma Raba Su

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, ƙasar da a yau take cikin Jihar Jigawa. An riƙa bin mutanen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ana ɗibar jininsu duk bayan mako 10, ana rubuta abin da aka gani. An naɗe aikin tun tuni, amma har yanzu da alƙaluman Garki masana lissafin yaɗuwar cutar a Turai da Amurka suke gwada ƙirarsu. Dalili kuwa shi ne an rubuta bayanan a tsare, an bayyana yadda aka tattara su, an kuma ajiye su inda ko wanda bai taɓa taka Garki ba yana iya ɗauka ya gane.

Binciken da ake yi a jami'o'inmu da asibitocinmu da yawa a kwamfutar mutum ɗaya suke mutuwa. Ya samu canjin aiki, ko ya tafi ƙaro karatu, ko kwamfutar ta ƙone, shi ke nan wahalar shekaru ta bi ruwa. Asarar ta fi ciwo idan binciken na dogon zango ne, wato wanda ake komawa ga mutane iri ɗaya shekara da shekaru ana rubuta haihuwarsu da aurensu da ƙaurarsu da mutuwarsu. Haka ake yi a Niakhar ta Senegal tun 1962, da Matlab ta Bangladesh tun 1966, da Navrongo ta arewacin Ghana tun farkon shekarun 1990. A ƙasar Hausa ma an kafa irin wannan cibiya a Nahuche, ƙaramar hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, inda ƙidayar farko a 2010 ta samu mutum sama da 125,000. A ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma yawancin mace-macen karkara ba a yi musu rajista, irin waɗannan cibiyoyi ne ke faɗa mana yara nawa ke rasuwa kafin su kai shekara biyar, da abin da ke kashe su.

Wannan jagora na shugaban cibiya ne, ko malamin da aka ɗora wa nauyin horar da ma'aikata.

Mataki na 1: Ka raba waɗanda za ka horar, ka kuma horar da su da bayanan gida

Mutum iri huɗu ne ke taɓa bayanai: masu shiga gida-gida, masu duba aikinsu, jami'an bayanai da ke zaune gaban kwamfuta, da manyan masu bincike da ke rubuta sakamako. Idan ka tara su a zaure ɗaya ka yi musu darasi ɗaya, rabinsu za su yi gyangyaɗi, rabi kuma su ɓace. Kowane rukuni da nasa darasin. Amma ka ware rana guda da za a yi musaya: jami'in bayanai ya bi mai shiga gida-gida ya ga yadda ake samun amsa a bakin tsohuwa, shi kuma na fili ya zauna a ofis ya ga yadda kuskuren lamba ɗaya ke raba mutum biyu ko ya haɗe mutum biyu wuri guda. Manyan masu bincike su ne suka fi kauce wa horo, su ne kuma suka fi buƙatarsa, domin su ke sa hannu a takardar ba da bayanai.

Bitar kwana biyar a otal, da alawus da takardar shaida, ba ta koya wa kowa wannan aiki. Sana'a ce irin ta garejin makanike, inda yaro ke koyo da motar da ta lalace da gaske, maigidansa na tsaye a kansa. Saboda haka ka ɗauko bayanan cibiyarku na zagayen gida-gida da ya wuce, da duk dattin da ke ciki, ka cire sunaye, su zama littafin darasi. Bayanan gwaji da ake saukowa daga intanet sun yi tsafta da yawa, babu matar da ta haihu bayan ta rasu a cikinsu. A naku akwai, kuma ita ce darasin.

Mataki na 2: Mutum ɗaya, lamba ɗaya, har abada

Duk ginin a kan wannan ya tsaya, don haka kada ka yi gaggawar wucewa. Kowane mutum yana da lambar shaida guda da ba ta canjawa, ba a kuma ba wani ita ko da mai ita ya rasu. Kada a cusa ma'ana a cikin lambar. Cibiyoyi da dama sun fara da lambar da ke ɗauke da ƙauye da gida, sai mutum ya tashi ya koma wani ƙauyen, lambar ta zama ƙarya. A ba wuri lambarsa, a ba iyali lambarsa, a ba mutum tasa, sannan a rubuta wane ne ya zauna a ina, daga yaushe zuwa yaushe.

Ka koya musu kallon rayuwar mutum a matsayin jerin aukuwa. Ƙungiyar INDEPTH, wadda aka kafa a 1998 don haɗa kan irin waɗannan cibiyoyi, tana da gajerun alamomi da ya kamata kowane jami'in bayanai ya haddace: ENU ƙidayar farko, BTH haihuwa, IMG shigowa yankin bincike, OMG fita daga yankin, EXT da ENT tashi daga wani gida zuwa wani a cikin yankin, DTH mutuwa, OBE ƙarshen lura.

Ga atisayen da na fi so a fara da shi, a kan allo, ba tare da an kunna kwamfuta ba. A ce yarinya ce mai suna Hadiza. An ƙidaya ta a gidan mahaifinta. Bayan shekara uku aka ɗaura mata aure a ƙauyen gaba, wanda shi ma yana cikin yankin bincike. Ta samu ciki, ta dawo gidan iyaye ta haihu ta yi wankan jego, ta koma ɗakinta. Auren ya mutu, ta tafi wurin gwaggonta a birni ta yi shekara biyu. Ta dawo ta auri wani a ƙauye na uku, inda kowa ke kiranta Dije. Ka ce kowa ya rubuta jerin aukuwarta. Za ka ga wasu sun rubuta wankan jegon a matsayin ƙaura, wasu sun rubuta jaririn a gidan kakanni sun kuma sake rubuta shi a gidan uba. Babban tarkon kuwa yana wurin dawowarta: mai shiga gida-gida zai ga sabuwar amarya mai suna Dije, ya ba ta sabuwar lamba. Daga ranar Hadiza ta zama mutum biyu, tarihin haihuwarta ya yanke, ɗanta ya zama marar uwa a rumbun bayanai.

Maganin shi ne a tambayi duk mai shigowa ko ya taɓa zama a yankin, a gidan wa, wane ne uba, wace ce uwa. Fom ya kasance da gurbin sunan yanka da gurbin sunan da aka fi sani. A kuma yi jerin sunayen da ke zuwa da fuska biyu: Abubakar shi ne Garba ko Habu, Usman shi ne Shehu, A'isha ita ce Indo, Fatima ita ce Binta. A tuna da alkunya. Uwa ba za ta ambaci sunan ɗan fari ba, matar aure da yawa ba za su kira sunan miji ba, don haka sai a tabbatar daga bakin wani a gidan. Rumbun bayanan kuma a saita shi tun farko a UTF-8, tsarin adana haruffa da ke karɓar na Hausa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya, Ɗanladi da Danladi su zama mutum biyu.

Mataki na 3: A zauna a yanke ma'anar kalmomi, a rubuta

Mene ne iyali? A gida ɗaya za ka tarar da uba da 'ya'yansa uku masu aure, wasu tukunyarsu ɗaya, wasu sun ware. Yawancin cibiyoyi da tukunya suke aunawa, wato waɗanda ke ci tare. Wane ne mazauni? Wasu cibiyoyin wata uku suke ɗauka, wasu wata shida. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, sannan ka kawo wa ɗalibai misalan da za su sa su gardama: ɗan ci-rani da ke tafiya bayan kaka ya dawo da faɗuwar damina, almajirin da aka kai gabas, magidanci mai mata biyu a ƙauyuka biyu, makiyayin da ke mashekari, iyalin da suka gudo saboda 'yan bindiga suka raɓa a gidan dangi. Duk hukuncin da aka yanke a shigar da shi littafin aiki da kwanan wata.

Ka nuna musu abin da ya sa wannan ba wasa ba ne. Adadin mutuwa ana raba shi ne da jimillar lokacin da mutane suka zauna ana lura da su. Idan mutum 1,000 ne a ƙauye, 200 suka yi wata shida a waje, kuma dokarku ta ce sun fita, to shekarun lura 900 ne. Wanda ya raba da 1,000 ya rage yawan mutuwar da hannunsa.

Sai kwanan wata. Mutanenmu na karkara da damina da kaka da hunturu da bazara suke lissafi, da watan Azumi da Babbar Sallah. Ku haɗa kalandar abubuwan da yankin ba ya mantawa: shekarar ambaliya, naɗin hakimi, zaɓen 2015, kullen korona na 2020, canjin kuɗi na 2023. Ku riƙe jadawalin juya watannin Musulunci zuwa na boko, domin shekarar Hijira ta gaza ta boko da kimanin kwana 11, Azumin bana ba a watan da ya faɗo shekara goma baya yake ba. Idan wata kawai aka sani, a sa 15 ga wata, a kuma buɗe wani gurbi da ke cewa ƙiyasi ne. Wannan gurbin na biyu shi ake yawan mantawa, daga baya mai nazari ya yi mamakin yadda rabin gari aka haife su rana ɗaya.

Akwai mutuwar da ta fi kowace ɓacewa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watan farko, a makon farko suke rasuwa, wato kafin ranar suna. Jaririn da bai samu suna ba sau da yawa ba a lissafa shi cikin 'ya'ya, uwar ma ba ta son a tayar mata da zancen. Idan tambayar ita ce "an yi haihuwa a gidan nan?", za a ce a'a. Dole a riƙa rubuta ciki tun yana ciki, a zagaye na gaba a tambayi yadda ya ƙare: ɓari, ko an haife shi babu rai, ko ya yi kuka sannan ya koma. Wannan tambaya mace ce za ta yi wa mace, a cikin ɗaki, bayan gaisuwa da ta'aziyya. Cibiyar da ba ta da isassun mata masu shiga gida za ta riƙa fitar da alƙaluma masu daɗin ji waɗanda ba gaskiya ba ne. Haka nan tambayoyin gano musabbabin mutuwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsararren fom nasu, sai an bar kwanakin zaman makoki sun wuce, kuma a yi fassararsu ta Hausa sau ɗaya a rubuce, kada kowa ya riƙa fassara tasa a bakin ƙofa.

Mataki na 4: Fom ya kama kuskure tun ana tsakar gida

Cikin manhajojin cika fom, ko ODK kuke amfani da shi, ko KoboToolbox, ko REDCap, ko OpenHDS da aka gina musamman don irin wannan aiki, darasin ɗaya ne. A ɗora wa kwamfutar hannu jerin mutanen gidan daga zagayen baya, a sa mata iyakoki: namiji ba ya ciki, ranar mutuwa ba ta riga ranar haihuwa, uwa ba ta girmi ɗanta da shekara bakwai kacal ba. A bambanta "ban sani ba" da "ba zan amsa ba" da "tambayar ba ta shafe shi ba". Mai duba aiki kuma ya riƙa komawa wasu gidaje da aka zaɓa da ƙuri'a, ko da biyar cikin ɗari, ya sake tambaya.

Mataki na 5: Ba a gyara da hannu

Doka ta farko ga jami'in bayanai: abin da ya zo daga fili a kulle shi yadda ya zo. Duk gyara a rubuta shi a matsayin umarnin kwamfuta a R ko Stata ko SQL, da dalilinsa, da sunan wanda ya tabbatar, ta yadda in aka sake kunna umarnin daga farko za a samu sakamako iri ɗaya. A ajiye waɗannan umarnai a Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare, domin a san wanda ya canja me, a yaushe. Za ka sha gardama a nan, domin buɗe Excel a goge lamba ya fi sauri. Ka ba su labarin Ingila: a Oktoban 2020 kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna suna da korona suka zube daga rahoton hukuma, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel da ba ya ɗaukar layi sama da 65,536. Excel yana kuma cinye sifilin da ke gaban lambar shaida, yana juya rana ta koma wata, bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ka koya musu tambayoyin da za su riƙa yi wa bayanai bayan kowane zagaye. Akwai wanda jerin aukuwarsa ya saɓa hankali, misali ya fita sau biyu bai shigo ba, ko ya yi aure bayan DTH? Kowane EXT yana da ENT ɗinsa? Jarirai maza nawa ne a kan mata 100? Abin da aka saba gani wajen 103 zuwa 106 ne, in ka ga 125 to ana ɓoye wasu ko ana tsallake su. Shekaru fa, sun taru a kan 30 da 35 da 40? Ma'aunin Whipple ke nuna wannan: a ƙirga masu shekara 23 zuwa 62 waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, a raba da kashi ɗaya cikin biyar na jimillar rukunin, a ninka da 100. Idan ya fito 100 babu taruwa, idan ya haura 175 shekarun ƙiyasi ne tsantsa. Ka sa su fitar da waɗannan alƙaluma ga kowane mai shiga gida-gida daban. Nan take za a ga wanda ke buƙatar ƙarin horo, da wanda ke cika fom a gindin bishiya.

Kuskuren da aka gano a mayar da shi fili a tambayo. Jami'in bayanai ba shi da hurumin yanke wa mutum ranar haihuwa daga ofis.

Mataki na 6: Ƙamus ɗin bayanai

Kowane gurbi a rumbun yana buƙatar bayani: sunansa, ainihin tambayar da aka yi da Hausa da Turanci, ma'anar kowace lamba, wa aka tambaya, daga wane zagaye aka fara, yaushe aka canja lafazinta. Na ƙarshen nan shi ne ciwon binciken dogon zango. Idan a zagaye na huɗu ana tambayar "kuna da gidan sauro?", a na tara aka koma "yaron ya kwana a gidan sauro jiya?", wanda bai sani ba zai ɗauka amfani da gidan sauro ne ya faɗi warwas. Akwai tsarin duniya na rubuta irin wannan bayani mai suna DDI, da manhajar NADA da hukumomin ƙididdiga ke baje kundinsu a kai, duka kyauta ne.

Jarrabawar wannan mataki mai sauƙi ce. Ka ɗauko ɗalibin digiri na biyu daga wani sashe, ka ba shi fayil da ƙamus, ka ce ya fitar da yawan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar na bara. Duk tambayar da ya taso ya yi wa jami'inku, giɓi ce a ƙamus, a rubuta amsarta a ciki.

Mataki na 7: Ajiya

Kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari. Kowane wata uku a gwada dawo da bayanan daga kwafin a kan wata kwamfuta, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba babu tabbacin yana aiki. Kowa da lambar sirrinsa, a rufe ta ranar da ya bar aiki. A haramta tura fayil mai sunaye ta WhatsApp ko imel. Kuma ko da akwai kwafi a hannun abokan aiki na waje, cikakken kwafi ya zauna a gida. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta agaji USAID, shirin DHS na binciken yawan jama'a da lafiyarsu, wanda ƙasashe da dama suka dogara da shi, ya tsaya cak, masu neman sabon izinin sauke bayanai suka rasa hanya na wani lokaci.

Mataki na 8: Izinin mutane da dokar ƙasa

Kafin a koya wa kowa yadda ake raba bayanai, a ɗauko takardar amincewar da mutane suka dangwala wa hannu a karanta. Ta ce za a ba wasu masu bincike? Ta ce za a fitar da su ƙasar waje? In ba ta ce ba, sai a koma ga kwamitin ɗa'ar bincike, wanda a Najeriya yake ƙarƙashin kulawar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, a nemi hukunci, ko a sake neman izini a zagaye na gaba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta ɗora sharuɗɗa kan fitar da su waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan an samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Ghana na da tata dokar tun 2012.

Doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma rashin yardar da ya biyo baya na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ka sa ɗalibanka su yi atisayen bayyana wa mai unguwa da liman da matan gida, da Hausar da ake ji, abin da ake nufi da raba bayanai. Wanda ya kasa bayyanawa bai gane ba tukuna. Izinin maigida kuma ba ya maye gurbin izinin matarsa.

Mataki na 9: Cire suna bai isa ba

Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa kimanin kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya gane su da abu uku kawai: lambar unguwa ta gidan waya, jinsi, da ranar haihuwa. A ƙauye abin ya fi haka sauƙi. Mace nawa ce ta haifi 'yan uku a gunduma ɗaya a shekara ɗaya? Magidanci nawa ne ke da mata huɗu da 'ya'ya 31? Ka raba wa ɗalibai fayil marar suna, ka ce su gano mutanen da suka sani. Za su gano, kuma daga ranar ba sai ka sake yi musu wa'azi ba.

Sannan ka koya musu dabarun: a musanya lambar shaida da wata ta daban, makullin ya zauna a cibiya; a dunƙule shekaru rukuni-rukuni; a haɗe sana'o'in da masu su ba su da yawa; a goge duk gurbin da aka rubuta labari da baki, musamman na musabbabin mutuwa. Manhajar sdcMicro da ke cikin R tana ƙirga mutum nawa ne suka fita zakka. Wurin zama kuwa shi ne mafi haɗari. Shirin DHS yana gusar da alamar taswira har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, fayil da ke nuna ƙofar gida tare da yawan shanu da babura da buhunan hatsi zai iya jawo asarar rai. A ganina irin wannan kada ya bar cibiya ko da wane sharaɗi.

Mataki na 10: Rabawa hawa-hawa

Masu ba da kuɗin bincike yanzu suna neman tsarin rabawa tun a takardar neman tallafi. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta shi daga 25 ga Janairun 2023. Ƙa'idojin FAIR na 2016 sun taƙaita manufar: bayanai su samu ga mai nema, a san hanyar isa gare su, su iya haɗuwa da na wasu, a iya sake amfani da su. Babu inda suka ce a zube komai a intanet.

Hawa uku za ka koyar. Ƙamus da alƙaluman jimilla a buɗe wa kowa. Bayanan ɗaiɗaikun mutane da aka ɓoye kamanninsu, sai an cika fom, kwamiti ya duba, an sa hannu a yarjejeniya cewa ba za a nemi gano kowa ba, ba za a miƙa wa wani ba, za a kuma ambaci cibiya. Masu tsananin haɗari kuma mai nazari ya zo cibiya, ko ya aiko da umarninsa a kunna masa a ba shi sakamako, kamar yadda manhajar DataSHIELD ke yi. Kowane fitarwa a ba shi lambar bugu da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, ta hanyar rumbuna irin Zenodo ko Dataverse, domin a san wane kwafi aka yi aiki da shi. INDEPTH ta buɗe rumbunta na bai ɗaya a 2013, ga kuma shirin INSPIRE, wanda cibiyar binciken jama'a da lafiya ta APHRC da ke Nairobi ke ciki, yana juya bayanan cibiyoyi zuwa tsari ɗaya mai suna OMOP. Kwamitin ya ƙayyade wa kansa wa'adin amsa, ya kuma faɗi dalili in ya hana.

Za ka ji ƙorafi daga masu binciken gida, kuma suna da gaskiya: mu muka sha rana shekara goma, wani mai intanet mai ƙarfi da lokacin zama ya sauke bayanan ya riga mu wallafawa. Kada ka share wannan magana. A rubuta wa'adin da ma'aikatan cibiya za su fara amfana kafin a buɗe, a sa sharaɗin haɗin gwiwa inda ya dace. Mafi muhimmanci, rabin lokacin horon ya tafi wajen koya musu nazari da rubutu. Koya wa mutum shirya bayanai don wasu alhali ba a koya masa cin moriyarsu ba, zalunci ne.

Mataki na 11: Jadawali da kasafi

A shimfiɗa horon a kan zagaye guda na aiki. Mako ɗaya kafin fita fili don matakai na 2 zuwa 4. Rabin yini kowane mako, yayin da bayanai ke shigowa, don tsaftacewa, malami na rubuta umarni a gabansu suna bi, yana kuskure yana gyarawa suna gani. Mako ɗaya bayan rufe zagaye don ƙamus da ɓoye kamanni da shirya fitarwa ta gaske. Sai taro a ƙofar hakimi, a faɗa wa mutanen da suka ba da bayanan abin da aka gano, a ba ma'aikatar lafiya ta ƙaramar hukuma kwafinta.

Kowane aiki mutum biyu su iya shi. Jami'in bayanan da ya ƙware, ƙungiyoyin agaji da bankuna za su yi zawarcinsa, don haka a sa albashinsa da kuɗin ajiya da na sola da na intanet a kasafin kowane tallafi da za a nema, a sa sunansa a takardun da aka wallafa, a nema masa gurbin dindindin a jami'a ko ma'aikata. Wanda zai tafi ya ba da sanarwar wata guda, ya zauna da magajinsa su kunna dukkan umarnan daga ɗanyen fayil har zuwa teburin ƙarshe, a ga alƙaluman sun yi daidai da na rahoton bara, sannan a sa hannu a takardar miƙa aiki.